Yadda ake zaɓen dogon lens mai zum don ɗaukar hoto na sha'awa

Yawancin kyamarori da lens ɗin 18-55mm suke zuwa a kwali (gwargwadon girman lambar milimita, gwargwadon yadda lens ke jawo nesa), kuma ba laifi yana aikinsa: hoton iyali a tsakar gida, taron suna, kasuwa, gini. Ranar da zai ba ka kunya ita ce ranar da ka tsaya a Ƙofar Kudu mahaya suka taso da jahi, ka murɗa zum har ƙarshe, ka ga dokin bai wuce ɗigo a tsakiyar hoto ba. Daga nan ake fara neman dogon lens, kuma nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta, domin tambayar da suke shiga shago da ita ita ce "wanne ya fi jawowa?" Akwai abubuwan da suka riga wannan tambayar, kuma gara a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: ka san bakin kyamararka da girman sensarta

Kowane kamfani da irin bakin da lens ɗinsa ke hawa. Lens ɗin Canon ba ya hawa Nikon, kuma ko a cikin kamfani ɗaya ma baki ya kasu. Canon na da EF da EF-S na kyamarorin DSLR, wato masu madubi a ciki, da EF-M na irin su M50, da RF na sababbin marasa madubi da suka fara fitowa a 2018. Nikon na da F na da, da Z na yanzu. Sony na amfani da E, Fujifilm kuma X. Kamfanonin Sigma da Tamron sukan yi lens iri ɗaya da baki daban-daban, saboda haka sunan lens kawai bai isa ba, sai ka tambaya na wace kyamara ne.

Akwai tarko biyu da masu Nikon ke yawan faɗawa. Na ɗaya, ƙananan kyamarori jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas, wato mai saita abu ya fito tar, a jikinsu. Idan ka ɗora musu tsohon lens mai rubutun AF ko AF-D kawai, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa yin fokas. Sai AF-S ko AF-P ke yi da kansu. Na biyu, su kansu AF-P ɗin masu rubutun DX ba sa aiki da tsofaffin kyamarori irin D3100, D3200, D5100, D7000 da D90. A wajen Canon kuwa, lens ɗin EF-S ba ya shiga kyamarori masu babbar sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara) irin 5D da 6D, amma EF na shiga duka biyun. Mai sabuwar kyamara marar madubi zai iya amfani da tsofaffin lens ta hanyar adafta, EF-EOS R ga Canon, FTZ ga Nikon, kuma wannan hanya ce mai kyau ta rage kashe kuɗi.

Sai girman sensa. Yawancin kyamarorin da masu sha'awa ke riƙewa masu ƙaramar sensa ce da ake kira APS-C, kuma tana yanke gefen hoto ta yadda abu kan fito kamar an ƙara jawo shi. Lissafin shi ne ka ninka lambar lens sau 1.5 a Nikon, Sony da Fujifilm, sau 1.6 a Canon, sau 2 a Olympus da Panasonic masu sensar Micro Four Thirds. Kenan 250mm a kan Canon 700D na ba ka abin da 400mm zai ba mai 5D. Ga mai neman jawo nesa, ƙaramar sensa riba ce.

Mataki na biyu: me za ka ɗauka, kuma daga ina za ka tsaya?

A nan ya kamata mutum ya daɗe, domin amsar ce ke yanke yawan milimitar da yake buƙata. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi: faɗin abin da zai shiga hoto daidai yake da faɗin sensa sau nisan abin, a raba da milimitar lens. Sensar APS-C kusan 23.5mm ce a faɗi, 15.6mm a tsaye. Idan kana kan 300mm, doki yana nisan mita 50, hotonka zai ɗauki wurin da ya kai kusan mita 4 a faɗi da mita 2.6 a tsaye. Doki da mahayinsa har rawani za su cika hoton tam. Idan dokin ya matso mita 20, 300mm ya yi yawa, sai ka koma wajen 100mm kafin ka same shi duka. Amfanin zum kenan a wurin hawa: abin da kake ɗauka ba ya tsayuwa, kai kuma cunkoso da dogarai ba za su bar ka ka yi ta kai-komo ba.

Saboda haka, ga hawan Sallah a Kano, Katsina ko Zazzau, da kokawa, da ƙwallon unguwa, da hoton fuskar mutum daga ɗan nesa, lens mai 55-250mm ko 70-300mm ya wadatar. Haka ma Argungu, inda kake bakin ruwan Matan Fada masunta na gabanka. A Yankari, gwaggon biri da mugun dawa har cikin sansanin Wikki suke yawo, 200mm ma ya ishe su. Giwaye da gwanki ne kan tsaya nesa, kuma tun da a mota za ka kasance, 300mm a kan ƙaramar sensa zai fitar da kai kunya mafi yawan lokaci. Filin folo ya haura mita 270 a tsawo, don haka can 400mm bai yi yawa ba.

Tsuntsaye su ne masu cin milimita. Kurciya da ke nisan mita 15, a kan 300mm, kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoto kawai za ta ci. A kan 600mm ne za ta kai rabi. Wanda burinsa ya je Dagona, a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, lokacin sanyi da tsuntsayen Turai ke sauka, ko ya bi gauraka da dinya a fadama, ya fara tunani daga 400mm zuwa sama: 100-400mm, 150-600mm na Sigma ko Tamron, 200-500mm na Nikon, 200-600mm na Sony. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, sau nawa za ka je fadamar a shekara? Idan sau ɗaya ne, ka sayi ƙarami, ka yi aron babba ko ka karɓi haya ranar tafiyar.

Kada lambar "sau kaza" ta ruɗe ka, irin yadda ake tallar waya. Wannan lambar raba babbar milimita da ƙaramar ne kawai. Lens ɗin 150-600mm zum sau 4 ne, 18-200mm kuwa sau 11, amma na farkon ya ninka na biyun jawowa sau uku. Lamba ta ƙarshe ita ce abin dubawa.

Kuma akwai iyakar da kuɗi ba ya tsallakewa, wato iskar da ke tsakaninka da abin. Da tsakar ranar bazara, kawalwalniyar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana murɗa hoto, kuma gwargwadon tsawon lens gwargwadon yadda take bayyana. Da hunturu kuma hazo kan wanke launi, abin da ke nisan mita 200 ya fito fari-fari. Lens mafi tsada a duniya ba ya maganin wannan. Maganinsa fita da sassafe ko da yamma, da matsawa kusa gwargwadon hali. Ka kuma tuna kyamara mai megafiksel 24 tana ba ka damar yanke hoto: ko ka yanke rabin faɗi da rabin tsayi, megafiksel 6 sun rage, waɗanda suka isa Instagram, suka kuma isa a wanke hoto mai inci 10.

Mataki na uku: lambar f, wato ƙofar haske

Bayan milimita za ka ga an rubuta wani abu kamar f/4-5.6 ko f/2.8. Wannan faɗin ƙofar da haske ke shiga ne, kamar tagar ɗaki, sai dai lambar a juye take: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, daga f/4 zuwa f/5.6 ya sake raguwa da rabi. Idan ka ga lambobi biyu, ma'ana ƙofar na tsukewa yayin da kake jawowa. Lens mai 70-300mm f/4-5.6 yana f/4 a 70mm, amma da ka kai 300mm f/5.6 ne iyakarsa.

Masu sana'ar hoto na yabon 70-200mm f/2.8, kuma sun yi gaskiya. Yana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, yana narkar da bayan hoto mutum ya fito shi kaɗai. Amma kuɗinsa ya ninka na 70-300mm na talakawa sau biyar ko fiye, nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, kuma a 200mm ya tsaya. Tambayar ita ce ko kai kana buƙatarsa. Mu rana ba ta yi mana rowa ba. Cikin hasken hantsi, a f/5.6 da ISO 200 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa) za ka samu saurin shata, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, wajen 1/1600 na daƙiƙa, wanda ya isa ya daskarar da doki a guje. Wanda hotunansa na rana ne, kuɗin f/2.8 bai zame masa dole ba.

Inda bambancin ke fitowa shi ne bayan la'asar sakaliya. Hawan Daushe da yamma ake yi, kuma sau da yawa mafi kyawun abin kallo kan zo ne rana na shirin faɗuwa. Dambe ma yakan kai dare ƙarƙashin fitila, balle zauren biki. A yanayin da f/5.6 zai tilasta maka ISO 6400 hoto ya cika da tsaki-tsaki, f/2.8 zai bar ka a ISO 1600. Idan irin wannan ne rabin abin da kake ɗauka, ka tara kuɗi, ko ka nemi na Tamron ko Sigma na hannu. Tsaka-tsaki shi ne 70-200mm f/4, wanda nauyinsa kusan rabin na f/2.8 ne. Bambancin f/5.6 da f/6.3 kuwa bai taka kara ya karya ba, kada ya hana ka sayen lens mai kyau.

Mataki na huɗu: na'urar hana rawa da saurin fokas

Dogon lens yana jawo abu, yana kuma jawo rawar hannunka tare da shi. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shata kada ya gaza lambar milimita: 300mm a kan ƙaramar sensa daidai yake da 450mm, don haka 1/500 ko fiye. Na'urar hana rawa da ke cikin lens na iya sauko da kai har wajen 1/60 hoto bai yi dishi-dishi ba. Canon na kiranta IS, Nikon VR, Sony OSS, Fujifilm OIS, Sigma OS, Tamron VC. A ganina, duk lens ɗin da ya wuce 200mm, idan ba shi da ita kuma jikin kyamararka ma ba shi da ita, ka bar shi a shago. Ko wajen saita abu a cikin ido tana taimako, domin hoton kan tsaya cak maimakon ya riƙa tsalle.

Sai dai rawar hannunka kawai take gyarawa. Doki mai gudu sai 1/1000 ko fiye, tsuntsu a sama sai wajen 1/2000, da ita ko babu ita.

Wajen fokas, nemi sababbin injuna: STM ko USM a Canon, AF-S ko AF-P a Nikon, HSM a Sigma, USD ko VXD a Tamron. Tsofaffin injuna masu ƙara kafin su kama mahayi ya wuce.

Mataki na biyar: ka ɗaga shi da hannunka

Canon EF-S 55-250mm STM giram 375 ne. Nikon AF-P DX 70-300mm VR wajen giram 415. Sigma da Tamron 150-600mm kusan kilo 2 kowanne, Nikon 200-500mm kilo 2.3. A takarda bambancin kamar ba komai, amma ka rataya kilo 2 da kyamara a wuya tun azahar, cikin zafi da turmutsutsu, kafin la'asar za ka fara neman inda za ka zauna. Babban lens kuma da rakiyarsa yake zuwa: sandar dogarawa mai ƙafa ɗaya ko uku, babbar jaka, da filta mai faɗin 95mm maimakon 58mm. Sannan yana jan ido. Wanda ya fito da zungureren lens kusa da bariki, shingen bincike ko ginin gwamnati, ya shirya amsa tambayoyi. Kuma don lens ya ba ka ikon ɗaukar mutum bai sani ba, ba shi ne izini ba, musamman matan mutane da yara. Sallama da tambaya ba su rage kyan hoto.

Mataki na shida: waɗanda za ka tarar a kasuwa

Ga mai Canon DSLR mai ƙaramar sensa, EF-S 55-250mm f/4-5.6 IS STM, wanda ya fito a 2013, da wuya ka samu abin da ya fi shi a kuɗinsa. Idan kana da niyyar komawa babbar sensa, EF 70-300mm IS II USM. Mai Nikon da kyamararsa ke karɓar AF-P, ya nemi AF-P DX 70-300mm, amma ya buɗe ido: iri biyu ne masu kama da juna, ɗaya da VR ɗaya babu, sai ka ga haruffan a jikinsa. Mai tsohuwar Nikon ya duba AF-S 55-300mm VR ko Tamron SP 70-300mm VC USD. A Sony akwai 55-210mm mai sauƙin kuɗi, da 70-350mm G wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. A marasa madubi, Nikon Z DX 50-250mm VR, da Fujifilm XF 70-300mm, da Canon RF 100-400mm f/5.6-8, wanda giram 635 ne kacal duk da ya kai 400mm, sai dai yana son rana.

Akwai waɗanda zan ce a yi hattara da su. Canon EF 75-300mm III ya cika kasuwa domin sau da yawa da shi ake haɗa kyamara a sayar; ba shi da IS, kuma a 300mm hotonsa ba ya fita tar, yakan bar shunin layi a gefen fararen abubuwa, ka ga kuwa fararen riguna da rawuna ne suka cika filin hawa. Tsofaffin 70-300mm na Sigma da Tamron masu rubutun "Macro" marasa OS ko VC su ma haka. Sai kuma siraran bututun nan 420-800mm da ake tallatawa a intanet da kuɗi kaɗan: ba sa fokas da kansu, ƙofar haskensu daga f/8.3 take farawa ta tsuke har f/16. Araha ba ta ado.

Lens mai haɗa komai, irin 18-200mm, 18-300mm ko 18-400mm na Tamron, yana da hujjarsa: ba ka cire shi, ƙura ba ta samun hanyar shiga sensa, kuma ga matafiyi jaka ta yi sauƙi. Abin da kake biya shi ne kaifin hoto a can ƙarshen zum, inda dama don shi ka saya. Ƙarin gilashin da ake sakawa tsakanin lens da kyamara don ninka milimita sau 1.4 ko sau 2 kuwa, na farkon yana cinye rabin haske, na biyun kashi uku cikin huɗu, kuma yawancin ƙananan zum ba sa ma karɓarsa.

Mataki na bakwai: duba na hannu kafin ka biya

Da yadda canjin dala yake, mafi yawanmu na hannu za mu saya, kuma babu aibu, lens ba ya tsufa da sauri kamar jikin kyamara. Amma kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tafi da kyamararka, da cikakken batir, da tocila.

Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocila ta ƙasa ka leƙa ta sama. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kusan kowane zum na da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda kan bayyana kamar saƙar gizo-gizo ko zaren auduga a jikin gilashi, da kuma hazo mai kama da tururi. Kayan da suka daɗe a ajiye a wuri mai laima, irin biranen bakin teku, sun fi kamuwa. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Duba bakin ƙarfen da 'yan tagullan da ke haɗa lens da kyamara, kada su kasance sun lotsa ko sun yi tsatsa, ka kuma duba kusoshi: idan kawunansu sun cinye, an taɓa buɗe lens ɗin. Zoben gaba da ya lanƙwasa alama ce ta faɗuwa.

Murɗa zum daga farko har ƙarshe, ka ji ko yana sarƙewa ko yana ƙarar yashi. Juya lens ɗin ƙasa ka gani ko yana zamewa da kansa. Kaɗan ba laifi, amma hujja ce ta neman ragi. Ɗora shi a kyamara ka yi fokas a kan abu na kusa, sannan na nesa, sau da yawa, a ƙaramar milimita da babba. Danna maɓallin shata rabi kana kan iyakar zum, ka ga ko hoton ya natsu; idan yana fizga ko yana ƙara mai ƙarfi, na'urar hana rawa ta samu matsala, kuma gyaranta kan kusa kai kuɗin lens ɗin. Ɗauki hoto a f/16 da f/22 sau uku-uku, ka tabbatar haskensu bai bambanta ba, domin ganyen ƙofar da suka sha mai sukan yi nawar rufewa.

Gwajin ƙarshe: nemi bango mai bulo ko allon talla mai rubutu, ka tsaya daidai gabansa, ka ɗauka a iyakar zum da ƙofa a buɗe duka. Faɗaɗa hoton ka duba kusurwa huɗu. Su ɗan fi tsakiya laushi al'ada ce, amma idan gefe ɗaya tar ne ɗaya kuma dishi-dishi, gilashin ciki ya goce. Daga nan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin lens da sunan shago, saboda kayan sata na yawo, ka kuma nemi alƙawarin kwana biyu ko uku na dawowa da shi idan wani abu ya ɓullo.

Bayan ya zo hannunka

Zum mai miƙewa waje yana zuƙar iska duk sanda ka murɗa shi, kuma da hunturu iskar da ƙura take tafe. Ka sa masa hularsa ta gaba kullum, tana tare hasken gefe tana kuma karɓar bugu. A filin hawa kada ka canza lens a fili; shiga mota ko ka juya baya ga iska, bakin kyamara na kallon ƙasa. Idan ka koma gida, fara da hura ƙurar da 'yar robar hura iska kafin ƙyalle ya taɓa gilashi, kuma ban da bakin riga, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, gogawa kawai take jira ta ƙarje shi. Kada ka bar shi cikin rufaffiyar mota da rana. Da damina kuma ka fitar da shi daga jakar fata ko ta yadi, ka ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa busar da su lokaci-lokaci idan sun sha laima.